Fuskokin da Ban Rufe Ba

Na san abin da aka gaya muku game da ni da kakanku Alhaji Garba na Aliero. An ce wani Kirista ne ya ba ni littafi na karanta, kaina ya juye, na je na watsa wa surukina ƙasa a ido a gaban jama'arsa. Gwaggonninku sun daɗe suna ba da labarin nan, kuma sun iya ba da shi, don duk shekara sai an ƙara masa gishiri. Littafin dai akwai shi, wannan gaskiya ne. Amma ban karanta shi ba, Turancina bai kai nan ba. Kallonsa kawai na yi. To ku zauna ku ji yadda abin ya faru daga bakin wanda ya yi shi, tun da sauran numfashina.

A shekarar da ta biyo bayan ba mu jiha ne. Ina da rumfa a Jega kusa da tasha, ina sassaƙa hatimi, ina kuma ɗinke littattafan da suka yage. Kasuwa ta buɗe mini a lokacin, don kowace makaranta da kowace ƙungiya tana son sabon hatimi mai sunan Kebbi, har masu sayar da man gyaɗa sai da suka yi nasu. Ku da kuka tashi zamanin na'ura ba ku san aikin ba. Roba ce mai kauri ake mannawa a kan katako, a ɗauki reza a yanke duk inda ba a son tawada ta taɓa, abin da aka bari shi ne zai fito a takarda. Kuma a juye ake yin komai, dama ta koma hagu. Ni kuwa ina ji da kaina ƙwarai, don a ganina daga Jega har Birnin Kebbi babu mai hannuna.

Wata ranar kasuwa sai ga Malam Bitrus da wani abu ƙunshe cikin zane. Tsohon malamin firamare ne, mutumin wajen Zuru, aiki ya kawo shi Maiyama, da ya yi ritaya kuma ya ƙi komawa gida. Ya ce littafi ne da wani Bature limamin coci ya bar masa tun yana saurayi, gara ta cinye bayansa, shafuka sun fara zubewa, yana so in ɗinke masa. Na buɗe ina shirin faɗin kuɗin aiki, sai na manta da zancen kuɗin. Hotuna ne, baƙi da fari, kusan kowane shafi. Ba na kyamara ba. Layuka ne zalla, sirara fiye da gashin kai, an jera su an gitta su har inuwa ta fito, har kana ganin nauyin riga a kafaɗar mutum da jijiyar bayan hannunsa. Malam Bitrus ya ce mutanen Turai ne suka sassaƙa su shekaru ɗaruruwa da suka wuce, wasu a kan katako, wasu a kan jan ƙarfe, suka shafa tawada suka buga. Na tambaye shi ko su ma a juye suka yi. Ya ce ai babu wata hanya. Na kalli hatimin da ke gabana, wanda nake taƙama da shi tun safe, na tura shi ƙarƙashin tabarma.

Ranar ban ci abincin rana ba. Na je wurin mai gyaran agogo na aro gilashinsa na ƙara girma, na kwashi littafin zuwa gida don rumfa ba ta da sirri. A nan Inna ta gan shi. Kun san mahaifiyata Bafulatana ce, daga wata ruga kusa da Mungadi aka auro ta tana ƙarama, ta zama 'yar gari amma ba ta taɓa barin kunyarta da tsoron Allahnta ba. Ta tambayi su waye a ciki. Na gaya mata abin da Malam Bitrus ya faɗa, cewa Kiristoci ne suka zana labarin Annabi Isa da mahaifiyarsa Nana Maryam yadda suke ba da shi. Ta ja da baya kamar ta taka wuta.

"Hotunan annabawa cikin gidana? Mi kaka nema, kai wanga? In dole sai ka yi aikin, ruhe musu huska. Ba ni son idonka bisa gare su."

Ban yi musu ba, don ni ma zuciyata ba ta kwanta da kallonsu ba. Na yayyanka 'yan ƙananan takardu, na bi littafin shafi shafi, duk inda na ga fuskar da aka zagaye da haske sai in ɗora mata takarda, in manna gefe ɗaya da ɗan ƙaro yadda za a iya ɗagawa ba tare da an ɓata hoton ba. Na rufe ta Annabi Isa, na rufe ta mahaifiyarsa, na rufe na almajiransa don gudun kuskure. Inna ta duba ta ce yanzu ya yi. Ladabi muka yi nufi, ni da ita, kuma har gobe ban ga laifin ladabin ba. Sai dai babu wanda ya lura a cikinmu da abin da ya rage a buɗe.

Abin da ya rage shi ne sauran fuskokin. A kowane shafi akwai wasu mutane da ke kewaye da wanda na rufe, suna nuna shi da yatsa, suna tofa masa yawu, wasu da bulala. An ba su hanci a lanƙwashe, leɓe a zube, ido ƙanana masu kallon gefe, baki a wage. Wasu da jakar kuɗi a ƙugu, wasu da wani zobe ɗinke a ƙirjin riga, da yawansu kuma da hula mai faɗin baki da tsini a sama, wadda da na fara ganinta na yi dariya, don sak malfar Fulani. Akwai wata mace da aka ɗaure wa ido da ƙyalle, sandarta a karye. Akwai shafin da irin mutanen nan suka taru a kan wani ƙaramin yaro da wuƙaƙe, wannan kam da sauri nake wuce shi. Ni dai na ɗauka mugayen labarin ne kawai, kamar yadda kowane labari ke da mugayensa. Aikin kwana biyar ya kai ni wata guda da rabi. Kullum bayan asuba ina duƙe da gilashin mai agogo, ina bin layi ɗaya ɗaya don in gane yadda aka yi mutum ya sa ƙiyayya ta fito daga katako. Layi uku a gefen hanci, biyu a ƙarƙashin ido, shi ke nan, ka tsani mutumin da ba ka taɓa gani ba. Na riƙa gwadawa a kan guntayen roba har hannuna ya haddace. Mahaifiyarku Kulu tana da cikin Hadiza a lokacin, takan leƙo ta ce in kawar da dodannin nan kada ɗanta ya ɗauko kamarsu.

Ana cikin haka, da rani, shanu suka faɗa fadamar albasa wajen ƙauyen Jiga. Gonar kakanku tana ciki, da na wasu mutum bakwai ko takwas. Albasa ta fara ƙwai, saura kaɗan a cire. Na je jaje na gani da idona, kuma kada wani ya ce muku ƙaramar ɓarna ce: aikin wata huɗu, ban ruwa safe da yamma, an tattake shi cikin laka. Ba a san shanun wane ne ba, makiyayin ya wuce. Alhaji Garba shi ne shugaban manoman wajen, kuma mutum ne da ba a taɓa shi a kwana lafiya. Ya aiko a kira ni. Ya ce yana son takarda babba mai hoto, a buga ɗaruruwa, a manna a kasuwar Aliero da ta Jega da ta Maiyama, don sabuwar gwamnati ta san manoma sun gaji. Rubutu ba ya isa, in ji shi, mutum nawa ne ke karatun boko? Hoto yake so wanda ko jariri ya gani zai gane waye azzalumi.

Sai kun san yadda muke da shi za ku gane abin da wannan kira ya zama a gidanmu. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa kirana da sunan sana'ata ba sai "mai yankan roba". Ranar da na dawo na gaya wa Kulu, sai da ta yi hawaye don murna. Ta ce yau dai Baba ya san mijinta yana da amfani.

Na samo roba mafi faɗi da na taɓa aiki da ita, na rufe rumfa kwana tara. Na sassaƙa manomi ɗan ƙarami a ƙasa, duƙe kan albasarsa. Na sassaƙa shanu. Sannan a samansu na tsayar da makiyayi, sanda a gicciye bisa kafaɗa, malfa a kai. Da na zo kan fuska ban ma tsaya tunani ba, hannuna ne ya tafi da kansa: hancin nan, leɓen nan, idon nan mai kallon gefe. Na shafa tawada na danna a takarda ɗaya don gwaji, na ɗaga. Na daɗe a zaune ina kallonta. Mutumin yana da rai, kamar zai yi magana, kuma ni da na yi shi sai da na ji ina so in ɗauki wani abu in jefe shi. Na ce a raina, yau na kamo ƙafar mutanen littafin nan.

Washegari na ɗauki littafin, na riga na gama ɗinkinsa da bangon fata, na shiga mota zuwa Maiyama. Na naɗe takardar gwajin na sa a aljihu, don ina so wanda ya san asalin aikin ya yaba mini. Na iske Malam Bitrus bayan azahar a gindin bishiyar ƙofar gidansa. Ya juya littafin ya yaba ɗinki. Da ya ga 'yan takardun da na manta ban cire ba, na ba shi labarin Inna, ya yi dariya ya ce a gaishe ta, mace ce mai ladabi. Sai na warware tawa takardar na shimfiɗa masa a gwiwa. Dariyar ta ɗauke. Ya sa tabarau, ya duba, ya buɗe littafin ya nemo wani shafi ya ajiye su gefe da gefe. Ya tambaye ni ko na san su waye masu hular nan. Na ce mugaye ne. Ya ce Yahudawa ne. Ni a lokacin ban taɓa ganin Bayahude ba, har yau ma ban gani ba. Kalmar dai na san ta a bakin mutane wurin zagi, kuma ni ma na sha yin zagin da ita ba tare da na tambayi kaina komai ba. Sai ya sa farce ya ɗaga takardar da na rufe fuska ɗaya da ita. Na kawar da kai. Ya ce ba sai na ƙura ido ba, in dai saurara.

"Malam Ummaru, a karatunku, Annabi Isa daga wace al'umma ya fito?"

Na ce daga Bani Isra'ila, wannan ko yaron makarantar allo ya sani.

"To wanda ka rufe da wanda ka bari a buɗe dangi ɗaya ne. Mahaifiyarsa ma haka, almajiransa ma haka. Mai sassaƙar ya san wannan sarai. Amma waɗanda yake ƙauna ya ba su fuskar 'yan gidansu, sauran kuma ya ƙera musu wannan. Babu mutumin da aka haifa da fuskar nan. Da reza aka yi ta."

Ya ba ni labari mai tsawo, zan taƙaita muku. Ya ce hotunan nan ba na fadar sarakuna ba ne, a kasuwa ake sayar da su da araha ga waɗanda ba su iya karatu ba, su kai gida su manna a bango don ibada. Yaro yakan san fuskar nan tun kafin ya haɗu da maƙwabcinsa Bayahude. Ranar da annoba ta shigo gari, ko wani yaro ya ɓata, ba a tsayawa bincike, kowa ya riga ya san unguwar da za a nufa. Shafin yaron nan da wuƙaƙe, ya ce, ƙarya ce tsagwaronta, ba a taɓa yi ba, amma an ƙone mutane da ransu saboda ita, don an gani a hoto. Haka abin ya yi ta tafiya kaka da kakanni, har zamanin da shi yana yaro aka yi musu kisan da baki ba ya iya faɗin yawansa. Ya ce littafin ma masana ne suka tattara hotunan don a ga laifin, kuma Baturen da ya ba shi ya ce ya riƙe shi don ya riƙa tuna abin kunyar da mutanen addininsu suka yi da sunan ibada. Bai ce mini in yi kaza ko in bar kaza ba. Ya naɗe takardata ya miƙo mini, ya ce hannuna ya kai nasu, kuma abin da ya ba shi tsoro ke nan.

Duk hanyar komawa Jega kaina a sunkuye yake. Abin da ya cika mini zuciya ba kunya kaɗai ba ce, har da mamaki mai nauyi. Wani mutum da ya mutu tun kafin a haifi kakan kakana, a ƙasar da ban san sunanta ba, ya ja layi uku a gefen hanci, layukan nan sun tsallake teku, sun tsira daga gara, sun zo sun shiga hannuna a Jega suna neman sabon wanda za su hau. Da na isa gida na iske Inna tana tsince wake a tsakar gida. Na ajiye takardar a gabanta. Ta kawo ta kusa da ido.

"A'uzubillahi. Wanga ko ni nig gan shi bisa hanya gudu ni kai. Ɗan wa na?"

Sai idonta ya kai kan malfar, da sandar da ke gicciye. Haka mahaifinta yake tsayuwa, haka ƙannenta biyu da ke shigowa kasuwar Jega da shanu suke tsayuwa. Ta tura takardar gefe da bayan hannu, ta ci gaba da tsintar wakenta, ba ta ƙara kallona ba har na tashi.

Da safe na tafi Aliero da robar a cikin buhu. Alhaji yana zaune a rumfar albasa da mutanensa, ga buhuna jibge ana loda wa mota. Na durƙusa na gaishe shi, na roƙi mu keɓe, ya ce duk na gida ne, in faɗi. Na nuna masa gwajin. Wurin ya ɗauki sowa, ana miƙa ta hannu zuwa hannu, wani ya tofa mata yawu, wani ya ce ai ya san mutumin, ya gan shi ranar kasuwa. Wannan maganar ce ta ƙarasa ni, don mutumin bai taɓa wanzuwa ba sai a rezata. Na ce Baba Alhaji ya yi mini haƙuri, ba zan bari a buga wannan ba. Zan sassaƙa masa gonar yadda aka tattake ta, da shanun, da manomin, kyauta, kuma in an gano mai shanun zan rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. Amma fuskar nan ta kowane mai malfa ce, kuma wanda ya yi ɓarnar mutum ɗaya ne. Na yi ƙoƙarin ba da labarin littafin, sai na dagula shi, don ban iya magana cikin taro ba. Abin da suka ji kawai shi ne Kirista da Yahudawa. Alhaji ya bari na gama. Bai ɗaga murya ba.

"Albasata anka cinye, ba ta Yahudu ba. Ɗiyata nib ba ka, ban taɓa roƙon ka komi ba sai yau. Littahin wani yah hi ni gare ka?"

A kan albasarsa yana da gaskiya. Wani daga cikin mutanen ya miƙo hannu zai ɗauki buhun. Na riga shi. Na zaro robar, na ciro reza daga aljihu, na yanke fuskar a gabansu, yanka huɗu, na bar rami fari a ƙarƙashin malfar. Takardar gwajin kuma na karɓe ta na yayyaga. Wannan shi ne watsa ƙasa a idon da kuka ji, kuma na yarda da na yi shi a keɓe da ya fi. Tsoro ne ya sa ni gaggawa, don na san in robar ta kwana a hannun wani, gobe tana bangon kasuwa.

Ba zan ce muku na ceci ran kowa ba, ban sani ba. An buga takardarsu a wani wuri, rubutu zalla, rana da ruwa suka cinye ta, maganar gona kuma manya suka zauna suka sasanta yadda aka saba. Abin da na sani shi ne abin da aka biya, kuma ba ni na biya mafi yawa ba. Alhaji bai ƙara amsa gaisuwata ba har shekara shida. Da aka haifi Hadiza bai zo suna ba, bai aiko ba. Kulu ta sa an shimfiɗa masa darduma a zaure tun da sassafe, ta hana kowa zama a kai, har aka watse tana aikowa a duba ko ya iso. Da yamma ni na naɗe dardumar da hannuna na kai mata ɗaki. Ta karɓa ta ajiye, ta ce mini abu ɗaya, ba ta kuma sake tayar da maganar ba har ta bar duniya.

"Malam, ban gane abin da kag gani cikin hoton ba. Amma na ga Inna ba ta ci abinci ba ranar da ta gan shi."

Kun sha tambayata me ya sa na koya muku rubutun hatimi da ɗinkin littafi amma ban taɓa yarda na nuna wa ɗayanku yadda ake zana fuskar mutum ba. Kun ɗauka ban iya ba ne, na kuma bar ku a haka. Na iya. A duk rayuwata ban yi aikin da ya kai wancan kyau ba, kafinsa ko bayansa, kuma wani lokaci har kewarsa nake ji, Allah ya yafe mini. Yanzu idona ya raunana, ba na gane mutum sai ya yi magana, amma in kuka ba ni reza da roba a yau, hannun nan zai fitar muku da fuskar nan ba tare da kuskuren layi ɗaya ba. Ina so a binne ta tare da ni.